Yadda ake mayar da gungumen niyobiyam mai gami falle marar kauri

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan ƙarafa, kuma ɗan Jos ne, inda muka tashi muna jin labarin kuza da kolumbait. An koya mana cewa niyobiyam ƙarfe ne mai danƙo ƙwarai. To amma a ɗakin gwajinmu mun narkar da shi tare da hafniyam da titaniyam muka sami curi, muka gasa shi a tanderu ya yi ja, muka saka a injin murza, sai ya tsattsage tun bai kai rabin kaurinsa ba. Ta yaya masana'antu suke kai shi falle mai kaurin rabin milimita, kuma a ina muka yi kuskure?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta haɗa abu biyu: hanyar da manyan masana'antu ke bi daga zubi zuwa falle, da kuma dalilin tsagewar curinku. Amsarsu ɗaya ce a tushe. Abin da aka koya muku gaskiya ne, niyobiyam mai tsabta yana da danƙon da za a iya murza shi da sanyinsa ya ragu da kashi 90 cikin 100 ba tare da an gasa shi ba. Amma danƙon yana da sharaɗi biyu: kada oksijin ya shiga jikinsa, kuma ƙwayoyin cikinsa su zama ƙanana. Ƙarfen da ya fito daga zubi ƙwayoyinsa manya ne, farfasa su kuma yana buƙatar zafi idan akwai gami a ciki, zafin kuwa shi ne ƙofar da oksijin ke shiga. Duk dabarun da zan bayyana maka nan gaba, na yadda za a sami amfanin zafin ne ba tare da an bar iska ta taɓa ƙarfen ba. Da na ga ka ce kun gasa shi a tanderu ya yi ja, zargina ya fara sauka a nan.

Gamin da kuka yi ya yi kama da wanda ake kira C-103: niyobiyam kashi 89 cikin 100, hafniyam 10, titaniyam 1. Harafin C ɗin na tsohon sunan ƙarfen ne, kolumbiyam, wanda Charles Hatchett ya raɗa masa a 1801, sunan da har yau yake jikin kolumbait ɗin garinku, ma'adinin da ake samun niyobiyam a cikinsa. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, daga tudun Jos, kafin ma'adinin Araxá na ƙasar Brazil ya karɓe kasuwar. Yau mafi yawan niyobiyam ɗin duniya daga can yake fitowa, kuma akasarinsa ana ɗan barbaɗa shi ne a cikin baƙin ƙarfe don ƙara masa ƙarfi. Kaɗan ne ake tacewa a yi falle da shi. Da fallen C-103 aka yi mazurarin injin kumbon Apollo da ya kai mutane wata, kuma har gobe da shi ake yin mazurarin rokoki da ƙananan injinan tauraron ɗan'adam. Dalili shi ne niyobiyam ba ya narkewa sai a digiri 2477 na ma'aunin salshiyas, alhali nauyinsa giram 8.57 ne a kowace santimita kubik, wato dunƙule mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, kusan rabin na tantalam. A cikin ƙarafa masu jure zafi shi ne mafi sauƙin nauyi, kuma shi da tantalam ne ke yarda a lanƙwasa su a yi musu walda ba gardama.

Me ya sa zubin ke fitowa da manyan ƙwayoyi

Zubin niyobiyam ba irin na maƙeran tukwane ba ne. Narkakken niyobiyam yana cin duk wani kasko na yumɓu ko na gawayin girafait, ya kwashi oksijin ko kabon daga jikinsa. Saboda haka a cikin mazubin jan ƙarfe ake narkar da shi, ruwan sanyi na zagaya bayan mazubin, ta yadda ɓawon da ya daskare a jikin bango shi ne ke zama kaskon sauran narkakken.

Mataki biyu ne. Da farko ana ƙona garin niyobiyam mai haɗe da oksijin, wanda aka tace daga ma'adini, tare da garin alminiyam, a sami ɗanyen ƙarfe mai sauran alminiyam da oksijin a jiki. Sai a narkar da shi da harbin elektiron a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, sau biyu ko uku ko fiye, yana ɗiga a mazubi. A wannan zafin alminiyam da baƙin ƙarfe da yawancin oksijin suna tashi su bar shi. Tantalam da tungistin dai ba sa tashi, duk abin da ya shigo da su zai fita da su. Ba a zuba titaniyam a wannan matakin, don shi ma zai ƙafe ya bi iska, lissafin gamin ya ɓaci. Sai a mataki na biyu ake ɗaure sandunan niyobiyam da hafniyam da titaniyam wuri ɗaya da walda, a mayar da su sanda guda, a narkar da ita da tartsatsin lantarki a cikin bakyum, wato ɗakin da aka zuƙe wa iska, yawanci sau biyu, ana juya gungumen farko ƙasa ya koma sama kafin narkarwa ta biyu don gamin ya gauraya.

Gungumen da ya fito yana da aibi huɗu da dole a sani. Na farko, tun da zafi yana fita ta bangon mazubi da ƙasansa ne a hankali, ƙwayoyin suna tsiro dogaye kamar karan dawa, faɗin wasu ya kai santimita ko fiye, ana ganinsu da ido idan an wanke yankin da asid. Na biyu, hafniyam ba ya rarrabuwa daidai lokacin daskarewa, wani wuri ya fi wani. Na uku, saman gungumen, inda ya daskare a ƙarshe, yana da rami da kumfa saboda ƙanƙancewar ƙarfen. Na huɗu, fatarsa tana da ninki da tsaga ƙanana. A gamin da ke da tungistin kamar Cb-752, mai tungistin kashi 10 da zirkoniyam 2.5, akwai aibi na biyar: tungistin ba ya narkewa sai a digiri 3422, don haka gutsuren da bai narke ba yana iya maƙalewa a ciki, ya zo ya huda falle a ƙarshen aiki.

Kafin komai, sai a yanke kan gungumen har a wuce ramin, a yanke gindinsa, a sassaƙe fatarsa a inji har sai ba sauran ninki, a duba cikinsa da na'urar sauti mai gano rami, a ɗebi samfur sama da ƙasa a auna sinadaransa. Ƙa'idar B654 ta ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ingancin kaya, wadda ta shafi fallen C-103, ta iyakance oksijin a kashi 250 cikin miliyan, naitirojin 100, kabon 150, haidirojin 15. Wannan iyaka ta fallen da aka gama ce. Gungumen da ya fara da oksijin kusa da iyakar ba shi da sauran wurin ɗaukar wanda zai ƙaru a hanya, kuma zai ƙaru.

Fasa gungume

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma shi ne kuka tsallake. Ba a kai ƙarfen zubi ga rola kai tsaye. Rola tana matse tsakiya amma tana jan gefuna, gefen da ake ja kuwa idan ya faɗo kan iyakar manyan ƙwayoyi biyu, nan yake buɗewa. Abin da ake so a karon farko shi ne matsi ta kowane ɓangare. Hanya biyu ce: ko a tura gungumen da ƙarfin inji ta wata ƙofa mai siffar allo, kamar yadda ƙullu ke fita daga injin taliya, ko a daddanne shi da babban injin matsa ana jujjuya shi. Turawa ta ƙofa ta fi aminci ga gami mai taurin kai, don ƙarfen yana matse ne ta ko'ina har ya fita. Ana so faɗin yankinsa ya ragu aƙalla ninki huɗu, ga C-103 ana kaiwa ninki takwas.

Niyobiyam zalla ana iya danna shi da sanyi ko da ɗan ɗumi. C-103 kuwa sai tsakanin digiri 1000 da 1300 yake saki. A nan matsalar take, domin tun daga wajen digiri 400 niyobiyam yake fara cin oksijin sosai. Tsatsar da yake yi, fara ce mai gari-gari, ba ta manne wa jiki ta rufe shi kamar ta alminiyam, farfashewa take yi ta zube, iska ta ci gaba da shiga. Abin da ya fi tsatsar muni shi ne wanda ba a gani: oksijin da naitirojin suna kutsawa cikin ƙarfen su zauna a tsakanin ƙwayoyin zarrarsa, su mayar da fatar mai tauri da gautsi kamar fasasshen tangaran. A C-103 hafniyam yana kama oksijin ɗin ya zama ƙananan duwatsu a cikin fatar. Da an matsa, fatar ta tsage, tsagar kuma ta bi ta shiga lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa.

Maganin shi ne kube. Ana saka gungumen a cikin gwangwanin baƙin ƙarfe mai kauri, a yi wa murfin walda, a zuƙe iskar ciki ta wani bututu, a matse bututun a like. Sai a gasa shi da kubensa, a tura shi da kubensa, a shafa garin gilashi a waje ya narke ya zama man shafawa. Akwai tarko a nan: baƙin ƙarfe da niyobiyam idan suka haɗu suna narkewa tare a wajen digiri 1370, nikel da niyobiyam kuwa tun wajen 1180. Gogayya a ƙofar injin tana ƙara zafi bisa wanda tanderu ya bayar, don haka wanda ya gasa a 1300 da kuben baƙin ƙarfe yana dab da iyaka. Shi ya sa ake shimfiɗa siririn fallen molibdinam tsakanin kube da gungume, ko a yi kuben gaba ɗaya da molibdinam idan zafin zai yi yawa. Ni ba na ba da shawarar kuben sitil marar tsatsa mai nikel ga aikin da ya haura digiri 1100. Wasu masana'antun maimakon kube suna tsoma gungumen a narkakken alminiyam mai silikon ya yi masa riga. Ya fi araha, amma rigar tana tsagewa wajen dannawa, sai an ƙara yawan abin da za a sassaƙe daga baya.

Bayan an fasa, a cire kuben da inji ko da asid, sannan a sassaƙe fuskokin allon duka shida. Kada a ƙiyasta zurfin da ido. A yanki gefe, a goge shi, a auna taurinsa da ma'aunin Vickers daga fata zuwa ciki, taki-taki. Inda lambar ta daina sauka ta daidaita, nan ne lafiyayyen ƙarfe ya fara, kuma sai an wuce nan da sassaƙa. Rowar milimita ɗaya a wannan matakin ita ke jawo asarar falle gaba ɗaya daga baya. Daga nan sai wanki da asid da gashin farko a bakyum, wanda zai sa ƙwayoyin da aka murƙushe su sake tsiro ƙanana. Idan aka duba a madubin ƙara girma aka ga har yanzu akwai dogayen zirin tsofaffin ƙwayoyi a tsakiyar allon, aikin fasawa bai isa ba, a sake dannawa ta wata fuskar kafin a je ga rola.

Murza da gashi

Da zarar ƙwayoyi sun ƙanƙance kuma fata ta tsabtata, C-103 ya zama ƙarfe mai sauƙin kai, kuma daga nan ba a ƙara kai shi zafin da zai ci iska. Murzar farko ana yinta da ɗumi, wajen digiri 200 zuwa 300, ƙasa da inda oksijin ke shiga, a rage kusan rabin kauri. Sauran duka da sanyi ake yi, ana rage kashi 60 zuwa 70 cikin 100 tsakanin gashi da gashi. Ga misalin lissafi daga allo mai milimita 25: da ɗumi a kai shi 12, a gasa, da sanyi a kai 4.5, a gasa. A kai 1.5, a gasa. A kai 0.5, a yi gashin ƙarshe. Kowane zango ana cin sa ne a wucewa da yawa ta cikin rola, kowace wucewa tana rage kamar kashi 10 zuwa 20.

Yawan abin da ake ragewa a kowace wucewa yana da muhimmanci yayin da allon ke da kauri. Idan ana ɗan shafa shi kaɗan-kaɗan, fata ce kawai ke aiki, tsakiya na zaune, sai fata ta fi tsakiya tsawo, bakin allon ya rabe biyu kamar bakin kada, ko kuma bayan gashi a sami ƙananan ƙwayoyi a waje da manya a ciki. Gara rola mai faɗi da cizo mai zurfi a farko. A zangon farko ko na biyu kuma ana juya allon a murza shi ta faɗinsa. Wannan yana ba da faɗin da ake so, kuma yana hana ƙwayoyin fuskantar alƙibla ɗaya, abin da ke sa falle ya miƙe ta wani ɓangare fiye da wani idan an zo curo mazurari da shi, bakinsa ya fito da kunnuwa. Bayan kowane zango a yanke gefunan da suka fara tsagewa, domin ƙaramar tsaga a milimita 4 doguwar ɓaraka ce a rabin milimita.

Idan kauri ya sauka ƙasa da milimita ɗaya, babbar rola ta daina cin ƙarfen, ita kanta take ɗan lotsewa a inda ta taɓa shi. Kaurin ƙarshe da rola za ta iya kaiwa yana tafiya ne da faɗin rolar, da gogayya, da taurin ƙarfen. Don haka ake komawa injin da ƙananan rololi biyu ke cizo, manya na dafa musu baya, mai rola huɗu ko irin na Sendzimir mai rola ashirin, ana jan fallen gaba da baya. Inda babu irin wannan inji ana haɗa fallaye biyu ko fiye a tsakanin fallayen sitil a murza su tare. A ƙa'idar ASTM, daga milimita 0.13 zuwa kimanin 4.8 shi ne falle, abin da ya gaza haka ya zama takardar ƙarfe. Rabin milimitar da ka tambaya tana cikin abin da inji mai rola huɗu zai iya.

Niyobiyam yana da ɗabi'ar mannewa jikin ƙarfen da ya goge shi, kuma yana da laushin da duk ɓurɓushin da ya faɗo kansa zai nutse a ciki. Rola ta zama a goge tas, mai ya wadata, kuma a share ta kafin aiki idan an murza wani ƙarfe da ita. Ɗan ƙwayar baƙin ƙarfe ko nikel ko jan ƙarfe da ta nutse a falle, in aka kai gashi sai ta narke da abin da ke kewaye da ita ta bar tabo mai gautsi.

Kafin kowane gashi akwai wanki kashi biyu. A cire mai da sinadarin wanke maiƙo, don man da ya rage kabon ne da oksijin da za su shige ciki. Sannan a tsoma a gaurayen asid ɗin haidirofulorik da naitirik da ruwa, wasu suna ƙara salfiyurik, ya cinye 'yan maikiron daga fata (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Asid ɗin naitirik ɗin yana rage shigar haidirojin, kuma a riƙe ruwan da sanyi, don in ya yi zafi haidirojin yana shiga da sauri. A ɗauraye nan take da ruwa mai yawa, a busar, kada a sake taɓawa da hannu tsirara. Ina roƙonka kada ku kusanci haidirofulorik sai da horo, da safar hannu da ta dace, da rumfar zuƙe hayaƙi, da man kalsiyam gulukonet a kusa. Yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya ci ƙashi, kuma yana kisa.

Gashin kansa a tanderun bakyum ake yi, mai matsin iska 0.0001 na miliba ko ƙasa da haka, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na iskar da muke shaƙa. Cikin tanderun ya zama na molibdinam ko tungistin ko tantalam. Tanderu mai girafait yana ba da kabon. Ana naɗe fallayen da takardar tantalam ko ta niyobiyam, ita ce za ta fara kama sauran iskar da ta rage. C-103 yana sake ƙwayoyi a digiri 1200 zuwa 1315 cikin awa ɗaya zuwa biyu, gamin niyobiyam mai zirkoniyam kashi ɗaya a 1150 zuwa 1250, niyobiyam zalla ƙasa da haka sosai. Idan ana son sassauta shi kawai ba tare da sabbin ƙwayoyi ba, wajen digiri 870 ya isa C-103. A ɗaga zafi a hankali, a dakata duk lokacin da ma'aunin bakyum ya nuna iska na fita daga kayan, kuma kada a buɗe ƙofa sai ya huce ƙasa da digiri 200.

Ga lissafin da zai nuna maka dalilin wannan tsanani. Falle mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kauri rabin milimita, nauyinsa kusan kilo 4.4 ne. A ce oksijin ɗinsa 150 ne cikin miliyan, saura 100 ya kai iyaka. Wannan 100 ɗin giram 0.44 ne kacal na oksijin. Lita ɗaya ta iska tana ɗauke da kusan giram 0.28 na oksijin. Ke nan iskar da ba ta cika lita biyu ba, in ta sulale cikin tanderu ta wata 'yar kafa a tsawon gashi, ta isa ta fitar da fallen daga ƙa'ida. Allo mai kauri ana iya sassaƙe masa fata, falle kuwa duk jikinsa fata ne. Haidirojin kaɗai ke da sauƙi, yana fita idan an gasa a bakyum a digiri 600 zuwa 800. Oksijin da naitirojin da kabon in sun shiga sun zauna.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi a ƙarshe. Falle ya kusa kauri, sai a ɗan murza shi kashi 3 ko 5 don daidaitawa, sannan a gasa. Wannan ɗan aikin bai isa ya haifar da sabbin ƙwayoyi da yawa ba, 'yan kaɗan ne ke tsiro su cinye maƙwabtansu su zama manya. A falle mai rabin milimita ƙwaya ɗaya tana iya cike kaurin duka, in an lanƙwasa fuskar ta yi kaushi kamar ɓawon lemu, ta yage da wuri. A tsara jadawali yadda zangon ƙarshe kafin gashi ba zai gaza kashi 50 ba.

Ana gwada fallen da aka gama da ja har ya tsinke, ta tsawo da ta faɗi. C-103 mai lafiya yana ɗaukar ƙarfin ja na wajen megafaskal 400 kuma yana miƙewa kashi 20 ko fiye. Ana lanƙwasa samfur a duba bayan lanƙwasar, a auna girman ƙwaya, a sake auna oksijin da naitirojin da haidirojin. Inda aka fi tsanantawa shi ne fallen niyobiyam zalla na injinan binciken kimiyya, kamar European XFEL da ke Hambug a Jamus, inda aka bi fallaye masu kaurin milimita 2.8 ɗaya bayan ɗaya da na'urar maganaɗisu ana neman ɓurɓushin da ya nutse. A wannan fannin ne ma aka gwada tsallake murza gaba ɗaya: a cibiyar bincike ta Jefferson Lab da ke Amurka, tare da kamfanin CBMM na Brazil, an yanko faifai kai tsaye daga gungumen zubi mai manyan ƙwayoyi. Dabarar ta yi aiki ga niyobiyam zalla mai kaurin milimita biyu zuwa uku, amma ba za ta ba ka faffaɗan falle na rabin milimita mai ƙwayoyi daidai ba. Shi kuma fallen roka, bayan an curo shi an yi walda a cikin argon, iskar da ba ta haɗuwa da ƙarfe, ko bakyum, sai an shafe shi da rigar silikon mai kuromiyam da baƙin ƙarfe, wadda ake kira R512E, kafin ya fuskanci wuta.

Curinku na ɗakin gwaji

Daga nesa ba zan yanke hukunci a kan curin da ban gani ba, kuma lambobin da na bayar mafari ne, kowane inji da kowane gungume sai an gwada an daidaita. Amma gwaji uku za su raba gardama. Ku yanki guntun da ya tsage, ku auna tauri daga fata zuwa tsakiya. Idan fata ta fi tsakiya tauri nesa ba kusa ba, tanderun ne ya cuce ku. Idan taurin ya yi yawa ko'ina har tsakiya, tun wajen narkarwa iska ta shiga, ko kayan da kuka fara da su ba su da tsabta, musamman idan gari ne, don gari yana ɗauke da oksijin mai yawa a fatarsa. Idan tauri daidai ne amma tsagar ta bi iyakokin manyan ƙwayoyi, ko kuka ga gutsuren da bai narke ba, to zubin ne bai gauraya ba kuma ba a fasa shi ba.

In za ku sake, ku fara da gutsattsarin ƙarfe maimakon gari. Ku zuƙe ɗakin narkarwa ku cika da argon mai tsabta sau uku ko fiye, ku fara narkar da ɗan curin titaniyam a gefe ya shanye sauran iska. In ya huce da launin shuɗi ko rawaya, akwai kafa, ku tsaya ku nemo ta. Ku narkar da curin aƙalla sau biyar kuna kifa shi, ku auna nauyinsa kafin da bayan, raguwar za ta nuna titaniyam ɗin da ya tashi. Ku goge shi ya zama allo mai fuskoki a miƙe da gefuna masu santsi, don curi mai ƙusumbi ba ya shiga rola daidai. Ƙaramin curi yana hucewa da sauri a kan jan ƙarfe, ƙwayoyinsa ba su kai na babban gungume ba, saboda haka C-103 mai tsabta sau da yawa yana yarda a murza shi da sanyi ko da ɗumin digiri 200 zuwa 300 tun daga zubi, ana rage kamar kashi 5 zuwa 10 a wucewa, a tsaya a kusan rabin kauri a gasa. Idan ba ku da tanderun bakyum, ku naɗe samfurin da takardar tantalam, ku rufe shi a bututun gilashin kwaz da aka zuƙe aka sa ɗan argon, amma kwaz yana fara laushi idan an haura digiri 1100 zuwa 1200, kuma kada samfurin ya taɓa gilashin kai tsaye don zai ja oksijin daga jikinsa. Idan kuwa gamin da kuke nufi nan gaba mai silikon ne da yawa, ko mai molibdinam da tungistin rabi da rabi, wannan gautsinsa na asali ne ko da babu oksijin, ba ya murzuwa da sanyi, sai da zafi a cikin kube tun daga farko har ƙarshe. Ka turo mini lambobin taurin da hoton yankin daga madubi, da ainihin nauyin kowane ƙarfe da kuka zuba, sai mu tsara jadawalin da ya dace da injinku.